Asali da Ma'anar Kalmar "Barbarism"

Kalmar Ingilishi "barbarism" ma'ana biyu gare ta a yau: aikin rashin imani da rashin wayewa, da kuma kuskure wajen furta kalma ko gina ta. Ta biyun, wadda ba a cika sani ba, ita ta fi kusa da asali.

Tushenta "barbaros" ne na Girkanci. Girkawan da can idan baƙo ya yi magana da harshensa, ba abin da ke shiga kunnensu sai "bar-bar", sai suka laƙaba masa sunan. Da fari ba zagi ba ne, domin har Misirawa da Farisawa, masu daula da rubutu, da shi ake kiransu. Yaƙe-yaƙen Girka da Farisa, irin na Marathon a 490 da na Salamis a 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), su suka cusa wa kalmar raini. Rumawa suka are ta, suka ɗora wa ƙabilun da ke bayan iyakar daularsu.

Malaman nahawun Latin, irin su Quintilian a ƙarni na 1 da Donatus a ƙarni na 4, sun ba ta ma'ana ta ilimi: kuskuren da ya auku cikin kalma guda. Wanda ya shafi haɗa kalmomi a jimla kuwa sunansa daban.

Auna mutum da harshensa ba halin Girkawa kaɗai ba ne. Larabawa sun kira wanda ba ya jin Larabci "ajami", sunan da rubutunmu na Hausa da baƙaƙen Larabci ya gada. Bahaushe ma yana da "baubawa" da "gwaranci", kuma ta biyun sunan wata al'umma ce guda aka mayar abin ba'a.

Inda kalmar "barbarism" ta fi yin ɓarna shi ne ƙarni na 19. A 1877 Ba'amurke Lewis Henry Morgan ya kasa tarihin ɗan Adam hawa uku, ya sa "barbarism" a tsakiya, ƙasa da wayewa. Irin wannan tunani ya yi wa 'yan mulkin mallaka rana, don ya ba su hujjar cin ƙasashe da sunan wayar da kai. Shi ya sa da yawa daga mutanen Arewacin Afirka da ake ce wa Berber, sunan da ake dangantawa da wannan kalma, suka fi son sunansu na Amazigh.

Ga mai fassara labarai, "ta'asa" ko "dabbanci" sun isa idan ana nufin kisan gilla. Kalmar ta dace da mugun aiki, amma ba ta dace a jingina ta ga wata al'umma ko harshenta ba.