Gaskiya ko Jita-jita: Cin Zarafin Mata da 'Yan Mata

Akwai maganganun da muka tashi muna ji daga bakin mutanen kirki, har muka ɗauke su gaskiya. Mu duba uku daga ciki.

Tsakanin miji da mata sai Allah

Magabata sun faɗi haka ne kan saɓanin baki, inda katsalandan ke ƙara rura wuta. Duka kuwa zalunci ne, kuma doka ta san da shi. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya haramta azabtar da mutum ko wulaƙanta shi, bai ware matar aure ba. Dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015 ta mai da dukan abokin aure laifi.

Me ya sa fahimtar ta yi jijiya haka? Tun daren kai amarya, nasihar da ta fi yawa ita ce "yi, na yi, bari, na bari", kuma in ta dawo gida da kumburi a fuska, haƙuri ake ba ta a mayar da ita. Tsohuwar dokar hukunta laifuka ta Arewa ma, a sashe na 55, ta bar wa miji ƙofar "horar da" matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Abin da doka ta daɗe tana kawar wa kai, dole jama'a su zaci halal ne.

Maganar haƙƙin mata ta Turawa ce

Ana zaton haka ne saboda yawancin tarukan haƙƙin mata da Turanci ake yin su, a otal-otal. Amma Nana A'isha ta shaida cewa Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ba, kuma a mazhabar Malikiyya alƙali yana raba aure idan cutarwa ta tabbata. Yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin mata kuwa ƙasashen Afirka ne suka tsara ta.

Rufa asiri shi ke kare yarinyar da aka yi wa fyaɗe

Iyaye suna yin shiru don tsoron kada ta rasa mijin aure, ga shi sau da yawa mai laifin ɗan uwa ne ko maƙwabci. Tsoron na gaske ne, ba ma raina shi. Sai dai shirun yana kare mai laifi ne, ya sake samun wata. Yarinyar kuma tana rasa magani: maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, don haka asibiti za a fara kai ta kafin a zauna taron dangi.