Shirwar Kwatar Ƙonni

Da hunturu shirwa ba ta sammako. Masu shayi za su hura wuta a bakin tashar Birnin Ƙonni, manyan motocin simintin Malbaza su fara wucewa, ita kuwa tana takure a kan bedi, ta cusa wuya cikin gashi. Rana take jira ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi ta taso, sannan ta baza fukafukai iskar ta ɗauke ta sama ba tare da ta wahala ba. Sai hantsi ya dubi ludayi ake ganinsu goma-goma suna shawagi cikin hazo a kan kwata, ranar Laraba kuma, ranar kasuwa, abin ya fi haka.

Wutsiyarta ce abin kallo. Tana da ƴar tsaga a tsakiya, kuma da ita take juyawa: ta murɗa ta hagu, ta murɗa ta dama, fukafukan ko motsi ba su yi ba. Faɗinsu ya kusa mita ɗaya da rabi, amma duk girman nan nauyinta da wuya ya kai kilo ɗaya. Yarinya ta fito daga wajen mahauta da kayan ciki a faranti bisa kai, ba ta rufe ba. Inuwa kawai za ta gilma, farantin ya ɗan karkata, hanji na lilo a ƙafar shirwa. Ba ta ma sauka ta ci. A sama take sunkuyar da kai ta yagi abinta, ƴan'uwanta na biye da ita suna neman ƙwace.

Daga nan baƙin jininta ya samo asali. Hausawa sun ce kaza mai ƴaƴa ke tsoron shirwa, kuma duk wanda ya ga uwar kaza ta yi ƙara ɗaya ƴan tsaki sun ɓace ƙarƙashin rumbu ya san ba ƙarya aka yi mata ba. Tana ɗauka. Sai dai wata ɓarnar da ake jingina mata ta shaho ce. Shi yakan laɓe cikin ganye, ya fito kamar kibiya, kuma abu mai rai yake so. Ƙafar shirwa ba ta da ƙarfin ɗaga babbar kaza. Yawancin cimarta fara ce, da ɓeraye, da mushen da mota ta take a kan hanyar Tawa, da tarkacen kwata. In aka sa wuta a gona, tun kafin hayaƙi ya yi nisa sun hallara, suna cafke farar da ke gudun wuta. A nan kishiyoyinta mata masu suyar fara ne.

Ba kowa ya lura cewa shirwar iri biyu ce ba. Mai rawayan baki ƴar Afirka ce, tana bin damina da rani tsakanin arewa da kudu. Mai baƙin baki kuwa baƙuwa ce daga Turai: dubban irinta ke tsallaka mashigar Jibralta a watan Agusta, su keta Sahara, su yi sanyi a ƙasashen Sahel, su koma wajen Maris su yi ƙwai. Lambunan albasar Galmi, da gonakin noman rani na Ƙonni waɗanda madatsun Mozage da Zango ke shayarwa daga kwarin Maggiya, suna tara musu abinci a lokacin da daji ya bushe. A can balbela ke bin masu ban ruwa, hankaka kuma, mai da ɗan wani naka, yana gefe yana jiran abin da ya faɗi.

Wadda ta yi ƙaranci a wannan taro ita ce ungulu. Dattawa sun san lokacin da take cika katangar kwata, tana tafiya tsakanin ƙafafun mahauta ba mai kula ta. Ana cewa ungulu ba ta jewar banza, amma yaran birni da yawa yanzu a karin magana kaɗai suka san ta. Wani Bafaranshe masanin tsuntsaye, Jean-Marc Thiollay, ya ƙirga tsuntsaye masu farauta da masu cin mushe a hanyoyin Mali da Burkina Faso da Nijar tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin bayan shekara talatin, ya tarar manyan ungulaye sun kusa ƙarewa a wajen gandun daji. A 2015 aka sa ungulun gari cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ɓacewa a duniya. Gubar da ake barbaɗa wa mushe don karnuka da diloli na kashe su, masu neman kawunansu don haɗa magani na kashe su, tsamiyar da ake ce mata ta koma kuwa an sare da yawa.

Aikin kwashe ƙazantar da ungulu ta bari yanzu ya rage wa shirwa da hankaka da karnuka, kuma shirwa ba ta iya buɗe gawar jaki. Tana dai yin abin da ta iya, ɗan tsako ɗaya a wata kuwa bai yi tsada ba a matsayin lada. Mai kaji ya kife ƴan tsakinsa da kwando har su yi ƙwari, a rufe faranti in an fito daga kwata, wanda dabbarsa ta mutu kuma ya binne ta ko ya bar wa tsuntsaye, kada ya zuba mata guba.