Abin da Ke Hana Mutum Rage Shan Taba

Ya kai mai karatu, dubi burtalin shanu a Dajin Rugu, wajen Batsari da Safana. Yawan bi ne ya fitar da shi. Haka sabo ya ke a zuciya.

Cikin taba akwai wani dafi, nikotin. In ya ragu a jini, sai jiki ya nemi ƙari. Saboda haka mai cewa "kara ɗaya kurum" ya kan koma gidan jiya, gama kowane kara share hanyar ya ke yi.

To, sa ranar bari, ka gaya wa iyalinka, ka ƙaurace wa majalisar mashaya. In kwaɗayi ya taso, sha ruwa, ka kama aiki, ba ya daɗewa. Makon fari ne mai wuya. Burtalin da aka daina bi, ciyawa ke rufe shi.