Kafin a ɗaga zagayen inji: me ya sa sifirin ɗin bawul da sarƙar taimin ke fara kasawa?

Duk mai bin bidiyoyin motoci a TikTok ko YouTube ya taɓa cin karo da irin wannan: tsohuwar Honda Civic a wani gareji a Amurka, an jona mata kwamfuta, mai gyaran ya danna 'yan maɓallai, sai allurar zagayen inji ta haura 9,000 motar na ihu kamar babur ɗin tsere. Bidiyon bai wuce daƙiƙa 30 ba. Abin da ba a nunawa shi ne kafin a danna maɓallan nan an buɗe saman injin, an cire wasu ƙananan ƙarafa guda 16 an sa wasu, an kuma sake sarƙa da abin da ke ɗaure ta. Wanda ya kwaikwayi ɓangaren kwamfutar kaɗai ya bar na ƙarfen, injinsa na iya mutuwa a tashi ɗaya.

Iyakar zagayen inji lamba ce kawai da ke zaune a cikin kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira biren bos. Da na'urori irin su Hondata ko KTuner, a motocin da suke karɓa, canza ta ba ya ɗaukar minti biyar. Ya yi kama da tilasta wa furosesar waya ko kwamfuta ta yi gudu fiye da yadda kamfani ya tsara. Sai dai waya idan ta ji wuya takan yi zafi ta rage gudu da kanta ko ta mutu ta sake tashi. Inji ba shi da wannan gatan.

Misalin da ya fi dacewa shi ne injin Honda na jerin K, wato K20 da K24, wanda ya fito a farkon shekarun 2000. Masu gyaran motocin gudu a Amurka da Japan sun fi son sa kusan fiye da kowane inji mai silinda huɗu, har suna dasa shi a motocin da ba na Honda ba. Kuma ba baƙo ba ne a titunan Najeriya: Accord ta 2003 zuwa 2005, wadda ake wa laƙabi da EOD, idan mai silinda huɗu ce galibi K24 ke cikinta.

Yadda sassan ke tafiya tare

A ƙasan inji akwai kiranshaf, sandar da fistan-fistan ke juyawa. A sama, cikin tof silinda, akwai kamshaf biyu, sanduna masu ƙusumbi da ke danna bawul su buɗe, ɗaya na shigar iska ɗaya na fitar hayaƙi. Sarƙar taimin ce ke haɗa ƙasa da sama, kuma an tsara haƙoran ta yadda kiranshaf zai zagaya sau biyu kafin kamshaf ya zagaya sau ɗaya. Kamshaf buɗe bawul kawai yake yi. Rufewa aikin sifirin ne, wani murɗaɗɗen ƙarfe da ke zagaye da wuyan kowane bawul yana ja da shi sama.

Wurin da hatsarin yake shi ne bawul ɗin da ya buɗe da fistan ɗin da ya hau ƙololuwa suna amfani da fili ɗaya ne a cikin silinda, lokaci ne kawai ya raba su. Injin K irin wannan ne. Idan bawul ya makara wajen rufewa, ko sarƙa ta tsallake haƙora, fistan zai same shi a hanya ya lanƙwasa shi, wani lokacin kan bawul ɗin ya karye ya farfasa fistan da tof silinda baki ɗaya.

Lissafin da ke karya sifirin

A zagaye 6,500 a minti, inda jan layin EOD yake, kowane bawul na buɗewa ya rufe sau 3,250 a minti, kusan sau 54 ke nan a daƙiƙa guda. A zagaye 8,500 ya kai kusan sau 71. Ƙarin bai yi kama da mai yawa ba, amma ƙarfin da sifirin ke buƙata don ya riƙe bawul ba ya ƙaruwa daidai da gudu, yana ƙaruwa ne da gudun sau kansa. Daga 6,500 zuwa 8,500 gudu ya ƙaru da kusan kashi 31 cikin 100, nauyin da ke kan sifirin kuwa ya ƙaru da kusan kashi 71.

Idan sifirin ya gaza, bawul ya daina bin ƙusumbin kamshaf. Ƙusumbin ya wuce amma bawul na nan a buɗe yana shawagi, ko kuma ya faɗo da ƙarfi kan mazauninsa ya yi tsalle ya sake buɗewa kaɗan. Direba zai ji motar ta daina ja a saman zagaye, sautin ya dagule kamar filogi na yankewa. Wannan gargaɗi ne, kuma ba kullum ake samun sa ba.

Kamshaf ɗin tsere yana ƙara dagula lissafin, domin yana tura bawul ya buɗe da zurfi kuma da sauri. Sifirin na asali na iya matsewa har zobbansa su haɗu ya zama dunƙulen ƙarfe kafin ƙusumbin ya gama dannawa. A nan dole wani abu ya karye. Shi ya sa kamfanonin da ke sayar da irin waɗannan kamshaf, kamar Skunk2 da Brian Crower, ke rubuta ko kamshaf ɗin zai zauna da sifirin na asali ko sai an canza. Turbo ma yana da nasa: iskar da yake turawa tana danna bayan bawul ɗin shiga tana neman buɗe shi. Bawul mai faɗin milimita 35, a matsin ba ɗaya, yana iya ɗaukar turi na kusan kilo 9, wanda za a cire daga ƙarfin da sifirin ke rufe shi da shi.

Sifirin ɗin gyara, irin na Supertech ko Ferrea, galibi biyu ne ɗaya cikin ɗaya, kuma sukan zo da hular titaniyam maimakon ta ƙarfe. Amfanin hular shi ne rage nauyi, tunda abin da bai da nauyi ya fi sauƙin tsayarwa. Amma titaniyam yakan ci da sauri fiye da ƙarfe, don haka motar zuwa aiki kullum ba lallai ta amfana da ita ba.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ɗaukar cewa mafi tauri shi ne mafi kyau. Sifirin da ya wuce buƙata yana cin ƙusumbin kamshaf, yana dukan mazaunin bawul, yana kuma cinye wani ɓangare na ƙarfin da ake nema. Ana zaɓensa ne daidai da kamshaf da iyakar zagayen da za a tsaya, sannan a auna tsayinsa bayan an ɗaura, a auna ratar da ta rage kafin zobba su haɗu, da ratar hula da robar wuyan bawul. Makaniken da ya ɗaura ba tare da ya ɗauko abin awo ba, caca ya yi da kuɗin mai mota.

Nauyin ya koma kan sarƙa

Duk ƙarfin da aka ƙara wa sifirin, sarƙa ce za ta ja shi. Kuma ba ja ɗaya take yi ba. Lokacin da ƙusumbi ke hawa kan bawul, kamshaf yana turjewa. Da zarar ya wuce ƙololuwa sai sifirin ya tunkuɗa shi gaba. Sarƙar na shan ja da saki sau da yawa a kowane zagaye, kuma da sifirin mai tauri da kamshaf mai tsini wannan fizgar tana tsananta.

Abin da ke hana sarƙar kaɗawa shi ne tenshina, wani ɗan fistan da matsin baƙin mai ke turawa yana danna sarƙar ta wata doguwar roba. A injin K yana da 'yan haƙora da ke hana shi komawa baya idan matsin mai ya faɗi, misali lokacin tayar da mota da safe. Waɗannan haƙoran an yi su ne don sifirin na asali. Masu gyaran injin K sun daɗe da sanin cewa da kamshaf mai tsanani haƙoran na cinyewa, tenshina ya ja baya, sarƙa ta yi sako-sako ta tsallake. Don haka ne ake sayar da tenshina masu ƙarfafan haƙora. Yawancin lokaci ba sarƙar ce ke tsinkewa ba, abin da ke riƙe ta ne ke sakinta, kuma shi ne mafi arha a duk kayan aikin.

Ita kanta sarƙar, abin da ake kira miƙewa ba miƙewar ƙarfe ba ce. Ƙananan ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓinta ne ke cinyewa, kowanne da ɗan kaɗan, idan aka tara sai tsayin ya ƙaru har kamshaf ya riƙa makara. Babban mai jawo wannan shi ne baƙin mai da ya daɗe ko na jabu, da ƙurar da ta samu hanyar shiga. Motar da ta shekara 20, ta yi rayuwa a Amurka ta zo ta sha ƙurar hunturu a Kano ko Sakkwato, ba a san sau nawa aka makara canza mata mai ba, bai kamata a ɗora wa tsohuwar sarƙarta sabon sifirin ba. Ana canza sarƙa da tenshina da robobin jagora a lokaci guda. A kula kuma, sarƙar K24 ta fi ta K20 tsayi domin bulok ɗinsa ya fi tsawo, kuma wanda ya ɗora tof silindar K20 a kan bulok ɗin K24, haɗin da ya shahara sosai, sarƙar K24 zai yi amfani da ita. A kasuwannin kayan gyara irin Ƙofar Ruwa ko Panteka, lambar kayan ce abin dubawa, ba kamannin kwali ba.

Abin da waya za ta iya nunawa

'Yar na'urar OBD2 mai Bluetooth, irin ELM327, da manhaja kamar Torque sun isa a karanta lambobin matsala daga biren bos. A Accord da CR-V masu K24, lambar P0341 sau da yawa tana nufin na'urar kamshaf da ta kiranshaf sun daina jituwa, kuma miƙaƙƙiyar sarƙa na cikin manyan dalilai. A wasu motocin P0016 ce ke fitowa. Goge lambar da waya ba ya gyara komai, kamar rufe saƙon gargaɗi ne a kwamfuta. Ƙarar "karrr" ta daƙiƙa ɗaya ko biyu da safe kuwa ba lallai sarƙa ba ce, tana iya fitowa daga giyar VTC da ke kan kamshaf ɗin shiga, abin da aka sani sosai a Accord ta 2008 zuwa sama. Waya ba za ta raba su ba, sai an buɗe.

Shin EOD na buƙatar duk wannan?

Galibi a'a. K24 ɗin da ke cikin EOD ta Amurka nau'in tattalin mai ne, mai ƙarfin doki 160 da 'yan kai, kuma VTEC ɗinsa na gefen shiga ne kawai. Ba shi da babban ƙusumbi na uku irin na Acura TSX ko Integra Type R, wadda ta fito daga kamfani da jan layi a 8,400. Kamshaf ɗinsa ya gama ba da abin da yake da shi kafin jan layi, saboda haka ɗaga iyakar zagaye da sa sifirin mai tsada ba za su ƙara masa komai ba sai ƙara. Idan giyar otomatik ce ma, zancen ya ƙare tun nan.

Wanda ya dage sai ya yi, akwai wani shingen a ƙasa. Fistan ɗin K24 na tafiyar milimita 99 a kowane hawa, na K20 kuwa 86. A zagaye 8,000 matsakaicin gudun fistan ɗin K24 ya wuce mita 26 a daƙiƙa, alhali K20 a 8,400 bai wuce kusan 24 ba. Famfon mai na K24, mai haɗe da sandunan rage girgiza, shi ma ba a yi shi don wannan gudun ba, shi ya sa masu gyara ke musanya shi da na K20. Bayan an haɗa komai ana daidaita gaɓoɓin sarƙa masu launi da alamomin haƙora, a juya injin da hannu zagaye biyu a tabbatar babu inda ya tokare, a saita ratar bawul da sukurunta tunda injin K ba ya saita kansa. Sai an gama waɗannan ake jona kwamfuta, kuma ana ɗaga lambar ne kaɗan-kaɗan a kan na'urar auna ƙarfin inji, a tsaya a daidai inda ƙarfin ya daina hawa.