SANA'AR DA JI YA KORI GANI

Hausawa na cewa gani ya kori ji. To, amma akwai wata sana'a a ƙasashen Turai da Amurka da Asiya wadda ta juya wannan karin magana, domin a cikinta kunne ne shugaba, hannu na biye da shi, ido kuwa ɗan rakiya ne. Ita ce sana'ar masu gyaran muryar piyano, waɗanda ake kira «accordeur» da Faransanci.

Da farko ya kamata a raba abu biyu. Abin da samarin Yamai da Maraɗi da Damagaram suke kira piyano, wanda ake kaɗawa a wajen biki da cikin waƙoƙin fim, na lantarki ne. Muryarsa daga na'ura take fitowa, ba ta hawa ba ta sauka, saboda haka ba ruwansa da mai gyara. Piyano na asali kuwa babban akwati ne na katako da ƙarfe, cike da tsirkiyoyi, wanda nauyinsa yakan kama daga kilo 200 har zuwa kusan kilo 500. Wani Ba'italiye mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙago shi a birnin Florence wajen shekarar 1700.

ABIN DA KE CIKIN AKWATIN

A gaban piyano akwai madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36. In makaɗi ya danna ɗaya, sai wata ƴar guduma mai kan ulu ta tashi ta bugi tsirkiya, ta koma mazauninta nan da nan. Tsirkiyoyin na ƙarfe ne, sun kai wajen 230, domin yawancin muryoyi tsirkiya uku-uku gare su. Manyan muryoyi na ƙasa su ne masu biyu-biyu ko ɗaya-ɗaya, kuma an naɗe su da zaren tagulla don su yi kauri. Kowace tsirkiya an ɗaure bakinta ga wani ɗan turken ƙarfe da aka kafa cikin katako mai tauri, ta bi ta kan jaki irin na goge, shi kuma jakin yana zaune bisa wani faffaɗan allo marar kauri wanda ke ƙara wa murya ƙarfi, kamar yadda ƙwarya da fata suke yi wa gurmi.

Jan da ke kan tsirkiya guda ya kai kilo 70 ko 80. In an haɗa duka, ƙarfin jan yakan kai tan 18 zuwa 20, wato nauyin buhun hatsi 180 zuwa 200 masu kilo ɗari-ɗari. Gangar jikin ƙarfen zubi ce ke riƙe da wannan nauyi dare da rana. Abin da ke ɗauke da irin wannan kaya ba ya zama wuri ɗaya: turaku suna saki kaɗan-kaɗan, katako yana motsi, murya tana kaucewa. Shi ya sa masana'antun piyano suke ba da shawara a kira mai gyara sau ɗaya ko sau biyu kowace shekara.

Babban abokin gaban piyano shi ne sauyin yanayi. Duk wanda ya ga ƙofar katako ta kumbura da damina ta ƙi rufuwa, sa'an nan ta tsuke da hunturu har ana hango waje, ya san abin da ke samun allon piyano. In iska ta yi laima allon ya kumbura, ya tura jaki, tsirkiyoyi su ƙara ɗaurewa, murya ta hau. In iska ta bushe allon ya kwanta, murya ta sauka. Ganga akasin haka take yi: laima ke sa fatarta ta saki, sai makaɗi ya kai ta rana ko kusa da wuta. A ƙasashe masu zafi kuma ga gara, ga tsatsa. Lokacin da likita Albert Schweitzer ya tafi Lambarene ta ƙasar Gabon a 1913, piyanon da aka ba shi kyauta a Paris sai da aka yi masa rufin tutiya daga ciki saboda laima da ƙwari.

YINI GUDA NA MAI GYARA

Mai gyaran piyano ba mazaunin shago ba ne. Da safe yakan ɗauki jakarsa ya bi gidaje da lakwal-lakwal da coci-coci da manyan zaurukan kiɗa, piyano uku ko huɗu a yini. Kayan aikinsa ba su da yawa: makulli mai ƙota na juya turaku, da ƴan guntayen ulu ko roba na toshe tsirkiyar da ba ya son ji, da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu kamar gwafa. Wani Bature ɗan Ingila, John Shore, ya ƙago wannan ƙarfe a 1711. In an buga shi yana ba da murya ɗaya tak, wadda ake kira «la», mai kaɗawa sau 440 cikin sakan ɗaya. Wannan adadi an yarda da shi ne a wani taron ƙasashe da aka yi a Landan a 1939. Kafin nan ba adadi ɗaya ake bi a ko'ina ba. Gwamnatin Faransa ta tsayar da 435 a shekarar 1859.

Abu na farko da mai gyara yake roƙon masu gida shi ne shiru. A kashe rediyo, a janye yara, a dakata da shara. Sa'an nan ya buɗe akwatin, ya daidaita tsirkiyar «la» da muryar ɗan ƙarfensa, daga ita kuma ya gina sauran duka.

Ga asirin aikin. In tsirkiya biyu sun kusa zama daidai amma ba su kai ba, kunne yakan ji muryar tana rawa, tana kumbura tana lafawa. In ɗaya na kaɗawa sau 440, ɗayar sau 442, rawar sau biyu ce cikin sakan. Mai gyara yana juya turke, rawar tana raguwa, har ta tsaya cik. A nan tsirkiyoyin sun zama baki ɗaya. Juyin da yake yi wa turken ƙanƙane ne ƙwarai, ido ba ya ganinsa, sai dai hannu ya ji. Kuma juyawa kaɗai ba ta isa ba, sai ya zaunar da turken yadda ba zai koma ba, ya bugi madanni da ƙarfi ya gwada. Wanda bai iya zaunar da turke ba, aikinsa ba ya kwana.

Akwai kuma wata matsala ta lissafi da ta daɗe tana ba masana wuya. Muryoyin piyano jere suke kamar matakala, taki 12 a kowane hawa, na goma sha uku ya maimaita na farko amma da kaɗawa ninki biyu: 220, 440, 880. In mai gyara ya bi muryoyin biyu-biyu, yana sa kowaɗanne su dace da juna sarai ba wata rawa, sai ya zagaya sau 12 ya tarar ya zarce inda ya kamata ya tsaya da kimanin rubu'in taki. Wannan rara ba ta ɓacewa. In an tara ta wuri ɗaya, wurin zai yi ƙara marar daɗi. Dabarar ita ce a raba ta kashi 12, a rage wa kowa kaɗan, kamar ƴan kasuwar da suka yi tarayya suka raba hasara tsakaninsu don kada ta karya mutum ɗaya. Ke nan mai gyara da gangan yake barin ɗan kuskure a ko'ina, gwargwadon da kunne zai yarda da shi, kuma da ƙidayar rawar murya yake auna shi. Piyano guda yakan ci masa awa ɗaya zuwa biyu.

Bayan murya akwai gyaran jiki. Babban piyano yana da gaɓoɓi wajen 12.000, na katako da ulu da fata da ƙarfe. Madanni yana nutsewa kimanin milimita 10, kuma dole ne nauyin kowanne cikin 88 ɗin a ƙarƙashin yatsa ya dace da na maƙwabtansa. In ulun guduma ya taurare da yawan bugu, murya ta yi kaifi, sai mai gyara ya tsattsaga shi da allura har ya yi laushi. A cikin tsofaffin akwatuna yakan tarar da asu ya cinye ulu, ɓera ya yi sheƙa, ko alƙalami da ƴan kuɗin ƙarfe da yara suka jefa sun maƙale. Sana'ar kuma tana da nata ciwo: kafaɗa da baya suna gajiya, kunne yana raunana da yawan bugu mai ƙarfi, har da yawa daga cikinsu suna sa abin toshe kunne mai rage ƙara, domin kunnen shi ne jarinsu.

MAKAHON DA YA BUƊE ƘOFA

An haifi Claude Montal a garin La Palisse na ƙasar Faransa a shekarar 1800. Yana ƙaramin yaro zazzaɓin taifot ya ɗauke masa gani. A 1817 ya shiga lakwal ta yara makafi da ke Paris, wadda Valentin Haüy ya kafa a 1785. Bayan shekara biyu Louis Braille, wanda daga baya ya ƙago rubutun makafi da ake karantawa da yatsa, shi ma ya shigo wannan lakwal.

A zamanin nan, masu ido ne ake kira su gyara piyanonin lakwal ɗin, ba a yarda ɗalibai su taɓa cikinsu ba. Montal da wani abokinsa makaho suka sami tsohon piyano, suka kwance shi gaɓa-gaɓa, suka laluba kowace gaɓa da yatsa har suka gane aikinta, suka gyara abin da ya lalace, suka sake haɗa shi ya yi kiɗa. Daga nan Montal ya duƙufa ga lissafin muryoyi, har ya tsara hanyarsa ta raba rarar nan da aka ambata.

A 1830 ya bar lakwal ya shiga gari neman abinci da sana'arsa. Da fari ƙofofi suka rufe, domin ba mai son damƙa kaya mai tsada a hannun makaho. Abin da ya fid da shi kunya shi ne aikin da ya yi wa wani malamin babbar makarantar kiɗa ta Paris, wanda ke da piyano biyu na masana'antu dabam-dabam da suka ƙi dacewa da juna. Montal ya daidaita su, malamin ya yi ta ba da labari, aiki ya fara zuwa. A 1836 ya buga littafi kan hanyar daidaita muryar piyano, wanda masu sana'ar suka daɗe suna dogara da shi. Ya kafa tasa masana'anta ta ƙera piyano, kuma a 1851 gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girma ta «Légion d'honneur». Ya rasu a Paris a 1865.

Gadon da ya bari ya fi littafi da lamba. Lakwal ɗin da ta hana shi taɓa cikin piyano ta sa gyaran murya cikin sana'o'in da take koyarwa, makarantun makafi na Ingila da Amurka suka bi sawu. Fiye da shekara 100 wannan sana'a tana cikin manyan hanyoyin da makafin waɗannan ƙasashe suke ci da kansu da iyalinsu.

MAI AIKI A BAYAN LABULE

Makaɗin goge shi ke ɗaure tsirkiyarsa da kansa. Makaɗin piyano kuwa, komai shahararsa, a hannun wani muryarsa take. Franz Mohr, wanda aka haifa a Jamus a 1927, ya shugabanci masu gyaran piyanon manyan wasanni na kamfanin Steinway a birnin New York daga 1968 zuwa 1992. Shi ne ya riƙa gyara wa mashahuran makaɗa irin su Vladimir Horowitz da Arthur Rubinstein. Lokacin da Horowitz ya koma Mosko a 1986, bayan shekara 60 rabonsa da ƙasar haihuwarsa, da piyanonsa aka tafi, da Mohr kuma. Irin wannan ma'aikaci yakan shiga zaure tun babu kowa, ya gama aikinsa, ya koma bayan labule ya kasa kunne. In komai ya tafi daidai, makaɗi ake yi wa tafi. In tsirkiya ɗaya ta kauce, a lokacin ne ake tambayar sunan mai gyara. Mohr ya rasu a 2022.

Zamani ya taɓa sana'ar. Piyanon lantarki ya shiga gidaje da yawa saboda arha da sauƙin ɗauka, tsofaffin masana'antu kuma sun sha wuya. Kamfanin Pleyel, wanda aka kafa a Paris a 1807, ya rufe masana'antarsa ta Saint-Denis a 2013. An kuma ƙera na'urori, har da na cikin wayar salula, masu auna murya su nuna ta ga ido. Masu gyara da yawa suna aiki da su. Sai dai na'ura tana faɗin inda murya ya kamata ta tsaya ne kawai. Zaunar da turke, da jin laushin guduma, da gane abin da makaɗi yake nufi in ya ce muryar ta yi sanyi, duk suna nan a hannu da kunnen ɗan Adam, kuma sai an yi shekaru ana koyo.

Piyano na asali ba shi da yawa a ƙasar Nijar, saboda haka ba a nan makafin Tawa ko na Maraɗi za su sami abin yi ba. Amma labarin Montal ya wuce piyano. Hannun makaho da aka sani da tufkar igiya a garuruwan Hausa, shi ne hannun da ya kwance piyano ya haɗa a Paris. Abin da ya bambanta su shi ne lakwal, da kayan aiki, da mutum ɗaya da ya yarda ya gwada aikin kafin ya yanke hukunci. Wannan tambaya tana gaban duk shugaban ma'aikata da mai gidan sana'a ranar da makaho ya yi masa sallama, yana neman aiki ba sadaka ba.