Idan Likita Ya Ce "Pecking", Me Yake Nufi da Kajinka?

Ɗan'uwa mai kiwo, in kana sayen abincin kaji a Kawo ko Mando, wataƙila ka ji likitan dabbobi ya ce kajinka na "pecking". Kalmar Turanci ce ɗaya mai fuska uku, kuma rashin bambance su na jawo asara.

Ta farko ita ce tsattsaga. Kaza ba ta da haƙori. Da baki take tsintar abinci, ƙundu ya niƙa shi da taimakon 'yan tsakuwa. Wannan lafiya ce. In 'yan tsaki suka iso, zuba musu abinci a kan takarda ka riƙa ƙwanƙwasawa da yatsa, za su taho su fara ci.

Ta biyu ita ce sarar girma. A 1921 wani masani ɗan Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, ya bayyana cewa kaji na da manya da ƙanana a tsakaninsu: babba ta sari ta ƙasa da ita, ta riga ta cin abinci. Shi ya sa in mazubi ya yi kaɗan, masu rauni ke ramewa alhali buhu na ƙarewa. Ba kowace kaza mai ƙwai wajen santimita 10 na bakin mazubi.

Ta uku ita ce matsalar: kaji su riƙa fizge gashin juna, su caccaki duburar wadda ta gama yin ƙwai. Da sun ga jini sai su taru a kanta, kafin yamma ta mutu. Cunkoso ke kawo shi, da haske mai yawa, da ƙarancin furotin ko gishiri a abinci, da zafi irin na Maris da Afrilu a nan Kaduna.

To, me za ka yi? Ware mai rauni nan take, ka shafa mata maganin shuɗi. Rage yawan kaji a ɗaki, ka ƙara ruwa da iska. Wurin yin ƙwai ya zama mai duhu-duhu. Rataya musu ganyen zogale ko kabeji su sami abin yi. Rage tsinin baki kuwa aikin gwani ne, kuma an fi yin sa tun suna tsaki.

Gobe da safe, kafin ka zuba abinci, tsaya minti 10 ka duba bayan kowace kaza da wutsiyarta.