Ɗaliban Manyan Digiri da Ƙaurace wa Ɗakin Karatu

Wanda duk ya daɗe yana hulɗa da jami'o'in Arewacin Nijeriya ba zai kasa lura da wani al'amari mai tayar da hankali ba, watau yadda masu neman digiri na biyu da na uku suke ta ƙaruwa shekara bisa shekara, alhali kuwa ɗakunan karatu na jami'o'in, waɗanda don irin waɗannan ɗalibai aka fi gina su, ba su cika sai jarrabawa ta gabato, sa'an nan ma galibin masu cika su ƙananan ɗalibai ne da suka shigo da takardun laccarsu neman wuri mai shiru da fanka. Kundaye suna fitowa kowace shekara ɗauke da jerin manazarta mai shafi goma ko fiye, amma da za a tsayar da mai kundi a tambaye shi littafi nawa daga ciki ya taɓa buɗewa da hannunsa, da an ji abin da ba a so.

Ba haka muka gada ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don ya bayyana malaman da ya ɗauki ilmi daga gare su da littattafan da ya karanta a gabansu, domin kuwa a wurin malaman wancan zamani magana ba ta da nauyi sai an san isnadinta. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, masanan da suka raya sashen tarihinta sun riƙe wannan ladabi ta fuskar zamani: Farfesa Abdullahi Smith ya tsaya a kan tattara rubuce-rubucen Larabci na ƙasar nan, shi ne kuma ya assasa Gidan Arewa na Kaduna a 1970, Murray Last ya zauna a gaban Waziri Junaidu a Sakkwato yana bin takardun gidan waziri kafin littafinsa a kan Daular Usmaniyya ya fito a 1967, Yusufu Bala Usman ya bi garuruwa da takardu kafin ya rubuta tarihin Katsina. Ko wanda ya saɓa musu a ra'ayi ba ya tuhumarsu da faɗin abin da ba su gani ba.

Mutane da yawa suna ɗora laifin abin da ya biyo baya a kan wayar hannu, amma ni a ganina cutar ta riga wayar zuwa da shekaru masu yawa. Asalinta tsarin tsuke bakin aljihu ne na 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi, jami'o'i suka kasa biyan kuɗin mujallun ilmi da ake sayowa daga Ingila da Amurka da kuɗin waje. Wanda ya bi kantocin mujallu a tsofaffin ɗakunan karatunmu zai ga shaidar wannan da idonsa: juzu'i yana bin juzu'i, an ɗinke su da bango mai kauri, shekara bayan shekara, har a kai tsakiyar shekarun 1980, daga nan sai giɓi, ko kuwa jerin ya tsaya cak. Ɗalibin da ya je neman sabon bincike sau ɗaya, sau biyu, ya tarar da abin da ya girme shi, ba zai koma ba. Kuma abin da ya fi wannan muni, ɗaliban da suka yi karatu a cikin wancan fari su ne suka zama malamai daga baya, har wasunsu suke duba kundayen yau, ba tare da an taɓa horar da su a kan bin mujalla ba. Dokar harajin ilmi ta 1993, wadda ta zama asusun TETFund a 2011, ta gina gine-gine ta sayo littattafai da kwamfutoci, wannan gaskiya ne, sai dai ɗabi'ar da ta yanke tsawon zamani guda kuɗi kaɗai ba ya mayar da ita.

Sa'an nan waya ta zo a 2001, intanet ya biyo ta cikin aljihun kowa. Adalci ne a faɗi alherin da ke cikin wannan, domin matar aure mai goyo da ke karantarwa a wata sakandare a Gusau ko Azare tana iya karanta maƙalar da aka buga makon jiya bayan ta kwantar da yara, abin da ba ta isa ta yi mafarkinsa ba a da. Matsalar ita ce abin da ɗalibi ke samu kyauta da bugu ɗaya ba shi ne zaɓaɓɓen ilmi ba, zaɓaɓɓen kuwa sau da yawa yana nan a ɗakin karatun da ya guje wa. Tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin HINARI don ƙasashe matalauta su sami mujallun likitanci, a 2003 aka buɗe AGORA don ilmin noma, JSTOR kuma ya sauƙaƙa wa jami'o'in Afirka shiga rumbunsa tun 2006. Mabuɗin irin waɗannan taskoki yakan kasance a hannun ma'aikacin laburare, amma sai ɗalibi ya shiga jami'a ya fita bai san akwai su ba, ko kuwa ya je ya tarar babu wuta, babu man janareta.

Akwai kuma halin da ɗalibin kansa yake ciki. Mafi yawan masu neman manyan digiri a yau ma'aikata ne masu iyali, waɗanda ke zuwa lacca ƙarshen mako daga wani gari, kuma da yawansu takardar ce buƙatarsu saboda ƙarin girma a wurin aiki. Malamin da ke duba aikinsu yana da ɗalibai fiye da ƙima, ga darussan ƙananan aji, ga yajin aikin da ya cinye kusan wata 9 a 2020 da wata 8 a 2022, wanda in an dawo daga gare shi sai a shiga gaggawar sallamar waɗanda suka maƙale. Darasin dabarun bincike da ake koyarwa a shekarar farko ya fi karkata ga lissafin alƙaluma da tsara takardar tambayoyi. Da wuya a kai ɗalibai gaban katalogi a nuna musu yadda ake bin sawun mas'ala daga maƙala zuwa wadda ta gabace ta, ko yadda ake bambance mujallar da masana suka tace da wadda ke buga kome muddin an biya.

Inda sakamakon ya fi bayyana shi ne babi na biyu, babin bitar ayyukan da suka gabata. Ɗalibi yakan sami kundayen da aka yi a sashensa, ya kwashe abin da suka ce wane ya ce, ya jera sakin layi bayan sakin layi, kowanne ya fara da sunan marubuci da shekara, ba tare da an ga inda wannan ya saɓa wa wancan ba, balle a san gurbin da sabon aikin zai cike. In wanda ya fara ya yi kuskuren shekara ko ya karkatar da ma'anar marubuci, haka kuskuren zai yi ta gudana daga kundi zuwa kundi, kamar mai ɗebo ruwa daga tulun maƙwabci wanda shi ma daga wani tulun ya ɗebo, babu wanda ya taɓa ganin rijiyar. Na'urar gano satar fasaha irin Turnitin tana kama kalmomin da suka yi daidai, amma ba ta san ko ɗalibi ya karanta abin da ya ambata ba, saboda haka abin da ta koya wa wasu shi ne sauya lafazi kawai. Tun ƙarshen 2022 da ChatGPT ya bayyana al'amarin ya ƙara tsanani, domin irin waɗannan manhajoji suna iya ƙago sunan littafi da marubuci da shekara waɗanda ba su taɓa wanzuwa ba, kuma wanda bai saba tahƙiƙi ba ba shi da hanyar ganewa.

Hasarar da ta fi ci mini rai ita ce ta abin da ba ya cikin intanet ko kaɗan. Fayilolin lardunan Kano da Sakkwato da Zazzau na zamanin Turawa suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna. Rubuce-rubucen Larabci da na ajami suna Gidan Arewa, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da cibiyar binciken ilmin ɗan Adam ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, wadda Boubou Hama ya tara mata kaso mai yawa. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939 cike suke da bayanin kasuwa da shari'a da siyasa. Ɗalibin da ya saba ɗauka cewa abin da bai fito a allon waya ba babu shi, zai zaɓi batun da ake gamawa da raba takardar tambayoyi ɗari biyu, ya bar waɗannan takardu ga masu bincike na ƙasashen waje, alhali takarda tana rubewa, tsofaffin da za su warware wuyar rubutunta kuma suna ƙarewa.

Gyaran da yake hannun jami'a, ba sai an jira gwamnati ba, shi ne a mayar da ma'aikacin laburare malami a darasin dabarun bincike, a wajabta wa ɗalibi zama da shi kafin a amince da batunsa. A ranar kare kundi kuma, mai jarrabawa ya zaɓi manazarta uku ko huɗu daga jerin, ya nemi ɗalibi ya kawo su, a takarda ko a kwamfuta, ya nuna shafin da ya ɗauko maganar.